Magic, Yu-Gi-Oh! ko Pokémon: Wanne Ya Kamata Ɗan Sakkwato Ya Kama?

Duk wanda ya tashi a Sakkwato ya san karta, ya san Whot. Wasannin katin tarawa da samarinmu suka fara tsinta a wayoyinsu wani jinsi ne daban. A Whot kowa daga tari ɗaya yake ja, abin da rabo ya ba ka shi ke nan. A nan kuwa kowa da nasa ƙunshin yake zuwa, wanda ya zauna a ɗaki ya tsamo daga cikin dubban katuna ya haɗa da hannunsa, 'yan wasa suna ce masa dek. Kafin a shimfiɗa tabarma an riga an yi rabin gasar.

Manyan uku ne a duniya: Magic: The Gathering, Yu-Gi-Oh! da Pokémon. Ba mai riƙe ukun a lokaci ɗaya ya ƙware, balle ɗalibin da ke lissafin kuɗin data da na kabu-kabu daga Dundaye zuwa cikin gari. Dole a ɗauki ɗaya. Mafi yawa da ido suke zaɓa, wato wanda zanensa ya burge su, ko wanda suka taɓa gani a katun suna yara. Amma mai son gasa da gaske, tambayar da za ta fi yi masa amfani ita ce: wane irin kaye zan iya sha, gobe kuma in dawo? Kowanne cikin ukun yana da hanyarsa ta kayar da mutum ba tare da ya yi kuskure ba, kuma a nan ne sababbin shiga suke yin zuciya su ajiye.

Magic ne babban wa. Wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, ya ƙirƙiro shi, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993, kuma a kansa sauran suka ɗora. Kowane ɗan wasa yana farawa da makin rai 20 da kati 7 a hannu. Dek ɗinsa ba ya gaza kati 60, ba a kuma sa kati iri ɗaya fiye da 4, ban da katunan ƙasa na asali. Waɗannan katunan ƙasa su ne jijiyar wasan. Su ke samar da makamashin da ake biyan kowane kati da shi, kuma guda ɗaya tak aka yarda ka ajiye a kowane zagaye. Don haka wasan a hankali yake hawa: a zagayen farko makamashi ɗaya gare ka, a na huɗu kana da huɗu in ƙasa ta zo maka, sai can gaba manyan halittu su fito.

Wannan hawan a hankali shi ya haifar da dabarun da Magic ya yi suna a kansu. Akwai mai gaggawa, wanda ke cika fili da ƙananan halittu masu araha don ya gama da kai kafin ka miƙe. Akwai mai jan rai, wanda ke kashe duk abin da ka ajiye, yana tara kati a hannu, sai ka ƙare tas sannan ya fito da abu guda ya kai ka ƙasa. A kowace karawa sai mutum ya gane ko shi ne ya kamata ya kai hari ko shi ne mai tsaro, kuma wannan matsayin yana iya juyewa a tsakiyar wasa. Gwani da ɗan koyo a nan suke rabuwa. Sannan ana iya yin wasa a zagayen abokin karawa. Mai katunan shuɗi, ɗaya daga launukan katunan wasan, ya bar ƙasa biyu bai taɓa ba, ya zuba maka ido. Kana sane da cewa akwai kati mai suna Counterspell da ke rushe duk abin da ka jefa da makamashi biyu kacal. Yana hannunsa, ko barazana ce kawai? Ka jefa babban katinka yanzu, ko ka fara tura ƙarami ya cinye tarkon? Irin wannan karatun fuska babu inda ya kai Magic daɗinsa.

To amma ga kayensa. Wajen kati 24 cikin 60 na ƙasa ne, kuma cakuɗa ba ta san gwani ba. Wata rana ƙasa biyu za ka samu ka tsaya cik, hannunka cike da manyan katuna ba halin jefawa. Wata rana ƙasar ce za ta yi ta zuwa har ka rasa abin yi da ita. Akwai damar mayar da hannu a sake ja, kuma tun 2019 dokar ita ce ka ja 7 sabo, ka tura ɗaya ƙarƙashin dek a duk mayarwa. Wannan ya rage ciwon, bai kawar da shi ba. Zakaran duniya ma yakan zauna yana kallo ana cin sa.

Yu-Gi-Oh! ya ɗauki hanyar da ta saba wa wannan gaba ɗaya. Kamfanin Konami na Japan ya fitar da shi a 1999, ya isa Amurka a 2002. Makin rai 8000, kati 5 a hannu, dek daga 40 zuwa 60, kati iri ɗaya ba ya wuce 3. Babu katin ƙasa, babu makamashin da za ka biya. Dodo ɗaya ake kira ta hanyar yau da kullum a zagaye, amma kira na musamman ba shi da iyaka, ga kuma wani ƙaramin dek na gefe mai kati har 15 da ke buɗe gare ka tun daga farawa. Shekara bayan shekara Konami ya yi ta ƙara hanyoyin kiran: Synchro a 2008, Xyz a 2011, Pendulum a 2014, Link a 2017. Sakamakon shi ne kati guda a hannun wanda ya san dek ɗinsa zai iya zama sarƙar motsi ashirin ko fiye, a zagayen farko, kai kuwa ko kati ɗaya ba ka ajiye ba.

Wanda ya san wasan daga katun, inda ake musayar duka a hankali ana surutu, zai sha mamaki. Karawar gasa ta yau sau da yawa a zagaye biyu ko uku ake sanin mai nasara. Mai farawa yana gina katanga ta dodanni masu hana motsi, na biyu kuma aikinsa ya rushe ta. Abin da ya hana wasan zama na mutum ɗaya shi ne katunan da ake jefawa daga hannu a zagayen abokin karawa, tarkunan hannu ke nan. Ash Blossom & Joyous Spring yana datse mafi yawan yunƙurin zaro kati daga dek. Nibiru, the Primal Being yana jira sai ka kira dodo biyar a zagaye guda, sai ya share filin. Gwanintar a nan ta sani ce tsagwaronta: ka san sarƙar abokin karawarka kamar yadda ya san ta, ka gane mahaɗar da in ka datse komai zai zube, ka kuma daure kada ka yi saurin jefa tarkonka a kan abin da ya turo don ya yaudare ka. Mai Ash ɗaya a hannu harbi ɗaya gare shi. In ya yi shi a inda bai dace ba, ya tafi.

Ina ganin ƙyamar da wasu 'yan Magic ke yi wa wannan wasa ta yi yawa, domin akwai tunani mai zurfi a cikinsa, sai dai an matse shi cikin mintuna kaɗan. Amma kayensa ya fi na kowa ɗaci. Ba a mayar da hannu a Yu-Gi-Oh!. Aka jefa kwabon zaɓen mai farawa ka faɗi, ka ja kati biyar babu tarko ko ɗaya, to sai ka harɗe hannu kana kallon mutum yana wasa shi kaɗai na tsawon minti goma, kuma ka san ƙarshen tun daga motsi na uku. Ga rubutun katunan, dogo, ƙanana, cikin Turanci mai kama da na takardar kotu, inda kalma ɗaya ke canza hukunci. Wanda Turancinsa bai zauna ba zai wahala a nan fiye da sauran biyun.

Pokémon ya fito a Japan a 1996. Wizards of the Coast ne ya riƙa buga na Turanci daga 1999 zuwa 2003, kafin masu abin su karɓe kayansu. Dek kati 60 ne cif, babu ƙari babu ragi. Halitta ɗaya ke gaba tana faɗa, har biyar suna jira a benci, kuma katin kuzari ɗaya ake liƙawa daga hannu a zagaye. Kafin a fara, kowa yana ware kati 6 daga saman dek ɗinsa ya kife su ba tare da ya gani ba. Su ne lada. Duk halittar abokin karawa da ka kayar ka ɗauki ɗaya, wanda ya riga kwashe shida ya ci.

Mutane suna raina shi wai wasan yara ne. Haka ne yaro ɗan firamare zai koyi dokokinsa a zama ɗaya, kuma gasar duniya ma rukuni uku ake yi bisa shekaru, har da na ƙanana. Sai dai lissafin ladan nan ba na yara ba ne. Manyan halittu masu alamar ex suna da ƙarfi, amma in aka kayar da su lada biyu ake ɗauka, wasu ma uku. Ke nan mai dek ɗin manya faɗuwa uku ta ishe shi, mai ƙanana kuwa sai an kayar da shi sau shida. Tun daga zagaye na biyu gwani ya riga ya tsara ta inda ladansa shida za su fito, da kuma wanda zai jawo daga benci da katin Boss's Orders don ya cike. Dek ɗin Pokémon kuma yana gudu: akwai katin da ke sa ka zubar da hannunka ka ja bakwai sabo, akwai masu ba ka damar shiga dek ka zaɓo abin da kake so. Saboda haka hannun banza bai cika kashe mutum kamar a sauran ba, kuma mafi yawan kaye daga jeranta motsi ba daidai ba yake zuwa, ka jefa wannan kafin wancan alhali akasin haka ya kamata.

Nasa ciwon shi ne ladan da aka kife. Katin da kake da guda ɗaya tak a dek, sau ɗaya cikin goma yana can kwance a cikin shidan. Shi ya sa ƙwararru a binciken dek na farko suke tsayawa su ƙirga abin da babu. Wani abin da zai iya gundurar mai son hayaniya: a zagayen abokin karawa kusan babu abin da za ka yi sai kallo. Ba tarko, ba barazana. Babu kuma katunan canji tsakanin wasa da wasa, alhali Magic da Yu-Gi-Oh! kowanne ya yarda da 15.

Ga wani ɗan lissafi da ke aiki a duka ukun, tunda yara da yawa suna ɗauka yawan kati shi ne ƙarfi. A Yu-Gi-Oh!, in kana da kwafi 3 na kati a dek mai 40, damar ka gan shi a hannun farko wajen kashi 34 cikin ɗari ce. Ka kumbura dek ɗin zuwa 60, ta faɗo zuwa kashi 23. A Magic, kwafi 4 cikin 60 da hannu mai 7 yana ba da kusan kashi 40. Duk katin da ka cusa don kawai kana son zanensa, mafi kyawun katinka ya tura nesa.

Sai maganar kuɗi, wadda a wurinmu ita ce mai yanke hukunci. Katunan nan ba hajar da za ka shiga kasuwa ka saya kamar Whot ba ce. Na asali daga waje ake odarsu, da dala, a ɗora kuɗin jigila. Masu arahar da ake gani a kan intanet da shagunan kayan yara galibi jabu ne. A takarda, dek ɗin gasa na Pokémon ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, sau da yawa bai kai dala 100 ba, domin kamfanin yana buga kati ɗaya a siga mai ado don masu tarawa da siga mara ado don masu wasa, kuma aikinsu ɗaya. Labarin katin Pikachu da aka saya fiye da dala miliyan 5 a 2021 harkar masu tarawa ce, ba ruwan ɗan gasa da ita. Magic a tsarin gasa na Standard, na sababbin katuna, yakan ci ɗaruruwan daloli, a tsarin Modern, mai karɓar tsofaffi, ya doshi dubu. Yu-Gi-Oh! yana tsakani, farashinsa kuma ba ya zama wuri ɗaya.

Kuma kowanne yana da yadda yake sa ka sake saye. Pokémon yana fitar da tsofaffin katuna daga gasa duk shekara, ana gane su da harafin da ke ƙasan kati. Standard na Magic tun 2023 shekara uku kati ke yi. Yu-Gi-Oh! ba ya ritayar kati don tsufa, abin da ke jan mutane ke nan, amma Konami yana fitar da jerin katunan da aka hana ko aka rage lokaci-lokaci, kuma sababbin da ke fitowa sukan fi na da ƙarfi. Dek ɗin da ka tara wa kuɗi wata shida yana iya mutuwa da sanarwa ɗaya. Gara ritayar da aka sanar da ranarta tun da wuri da wadda za ta faɗo maka ba sallama.

Magic yana da wata ƙofa mai sauƙi, tsarin Pauper, inda katunan gama-gari kaɗai ake sawa, ba a kuma ritayarsu. Counterspell ɗin nan da Lightning Bolt duk suna ciki. Zurfin wasan yana nan, kuɗin ya ragu ƙwarai.

Gaskiyar magana dai, mafi yawanmu a waya za mu fara. Magic yana da Arena, wanda ya sauka a wayoyi a 2021. Yu-Gi-Oh! yana da Master Duel tun Janairun 2022, kuma shi ya fi sakin hannu ga wanda ba zai kashe ko kwabo ba: kana narkar da katunan da ba ka so, uku masu daraja ɗaya su ba ka guda da ka zaɓa. Sai dai a can wasa ɗaya ake yi a tashi, ba biyu cikin uku ba, don haka ɗacin faɗuwa a jefa kwabo ya ninka. Pokémon yana da TCG Live na 2023, wanda dokokinsa su ne na gasar takarda. Kada a haɗa shi da Pocket da ya fito a Oktoban 2024. Wancan kati 20 ne da maki uku, yana da daɗin rage dare, amma ba zai koya maka gasa ba. Kafin ka ƙulla rai a kan ɗaya, duba ko wayarka tana ɗaukarsa, domin suna da nauyi, suna cin wuri da batir, a zafin Afrilu kuwa waya takan yi zafi har ta riƙa sanƙarewa. In sabis ya yanke a tsakiyar karawa, kaye za a rubuta maka.

Akwai kuma tambayar da babu makawa sai an yi maka ita a gida: "Kai, wanga abu ba caca ba ne?" Tambaya ce mai tushe, kada ka yi fushi. Magic da kansa a dokokinsa na farko kowa yana ajiye kati ɗaya wanda ya ci ya kwashe, daga baya aka soke, yau kuma yin fare a gasa laifi ne da ke sa a kori mutum. A 2001 kwamitin fatawa na Saudiyya ya haramta Pokémon, ya kafa hujja da caca, da batun rikiɗar halitta da ya danganta da ra'ayin Darwin, da wasu alamomi da ke jikin katunan. Magic da Yu-Gi-Oh! kuwa cike suke da zanen matsafa da aljanu, har da katunan da aka sa wa sunan allolin Masar ta da. Ni ba malami ba ne, kuma garin Shehu bai rasa waɗanda za a tambaya ba. Abin da ke hannunka shi ne ka nisanci inda shubuhar ta fi kauri. Fakitin da aka rufe, ka biya ba ka san abin da ke ciki ba, kana fatan mai tsada ya faɗo, shi ya fi kama da abin da ake gudu, har ƙasar Beljiyam ta ɗauki irinsa na cikin wasannin kwamfuta a matsayin caca tun 2018. Ta fuskar aljihu ma asara ce, ɗan gasa katin da yake buƙata yake saye ɗai-ɗai. Haka nan gasar da kowa zai zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, malamai da yawa ba su yarda da ita ba. In za a ba da kyauta, ta fito daga wanda ba ya cikin masu karawa.

To wanne? In kai kaɗai ne, daga kai sai wayarka, Turancinka ya zauna, kana kuma da zuciyar haddace sarƙoƙi da jure kallon ana cin ka ba ka motsa ba, kama Master Duel, ka tsaya a kan dek ɗaya har ka san shi ciki da waje. Kada dai ka yi saurin bin sa zuwa takarda, jerin katunan da aka hana a can ma daban ne.

In kuna da yawa, a ce abokai shida ko takwas a Mabera ko Arkilla ko ɗakin kwanan ɗalibai, kuna so ku kafa abin da zai ɗore, ni Pokémon zan ce, matuƙar maganar fatawar nan ta kwanta muku bayan kun tambaya. Shi ne wanda sabon zuwa zai koya yau ya ci wasa a makon nan, shi ne wanda ƙanenka zai iya shiga, kuma wanda ya sha kaye yakan ga inda ya kuskure, abin da ke sa mutum ya ce a sake. Kamfanin ma yana sayar da kwafin dek ɗin da aka yi fice da su a gasar duniya da araha. Ba a shiga gasar hukuma da su saboda bayansu daban ne, amma don atisaye a gida babu kamarsu.

Magic shi na fi so a raina, kuma shi zan ba wanda ya san zai shekara goma yana wasa, domin bai cika ginsar mutum ba. Amma ku shiga ta Pauper, ku haɗa kuɗi a yi oda ɗaya don jigila ta yi sauƙi, ku sa kowane kati a rigar leda tun ranar da ya iso, saboda ƙurar hunturu da gumin bazara ba sa barin takarda, katin da ya sami tabo a baya kuwa an gane shi ke nan, ba ya shiga gasa. Mutum takwas sun isa gasa ta sosai: zagaye uku, a riƙa haɗa wanda ya ci da wanda ya ci, wanda ya faɗi da wanda ya faɗi, ba a fitar da kowa, kowace karawa biyu cikin uku a minti 50. In aka fara da hantsi ranar Asabar, kafin kiran azahar an san zakara.